Ranar da Nagane Ya Sa wa Katafila Ido

A wurin fasa dutsen nan da ke bayan gari akwai wani mai gyaran wayar motoci da ake kira Nagane. Ba sunan yanka ba ne. Ma'aikata ne suka laƙaba masa, saboda tunda Allah ya yi shi bai taɓa barin mutum ya kai ƙarshen bayani ba. Kana buɗe baki zai ɗaga hannu ya ce, "Na gane, na gane," ya juya ya je ya aikata wani abu dabam. Shekararsa tara a wurin, kuma in za a faɗi gaskiya ba gwaninta ce ta riƙe shi ba, mai kamfanin yayan matarsa ne. Kowa ya san haka, shi ma ya sani, kuma abin yana ci masa rai ƙwarai. Duk ranar da ya ji wani direban tifa ya nuna shi da baki ya ce "mijin ƙanwar maigida", sai ya wuni yana cika yana batsewa.

Ana nan sai tsautsayi ya so ya gitta. Akwai wata katafila da ke ture tsakuwa, ma'aikata suna kiranta Tsohuwa, kuma Baba Direba ne ke tuƙa ta tun gemunsa yana baƙi. Wata safiya wani lebura ya zauna a kan baro yana ɗaure takalmi, daidai inda Baba ba ya hangowa daga kujerarsa. Allah ya yi da sauran kwanansa a gaba, ya daka tsalle, amma baron ya koma faranti. Labari ya kai hukuma, hukuma ta turo injiniyarta, wata mace mai gilashi wadda ba ta ɗaga murya. Mai kamfani ya shigar da ita ofis, ya kira Baba Direba da Nagane.

"Yanzu akwai na'urorin da ake sa wa irin waɗannan injina," in ji ta. "Su hango mutum tun daga nesa, su gargaɗi direba, in bai tsaya ba su tsayar da injin da kansu. Amma fa ba ido ɗaya ba ne, idanu ne da yawa suke aiki tare. Wani yana auna nisa, wani yana ɗaukar hoto, domin wani lokacin mutum yana zaune ne ko yana..."

"Na gane," in ji Nagane.

Ta dube shi ta saman gilashi. "Ban gama ba."

"Ai ba sai kin wahalar da bakinki ba, ranki ya daɗe. Inji ya ga mutum, inji ya tsaya. Ko akwai ƙari?"

Ta juya wajen mai kamfani ta ce nan da mako biyu za ta dawo, in ta tarar katafilar nan tana yawo a makance za ta sa a rufe wurin. Tana fita mai kamfani ya buga wa masu sa na'urar waya. Suka ce sai bayan wata guda za su samu zuwa, suka kuma faɗi wani farashi da ya sa ya cire hula ya shafa kai.

Nagane ya gyara tsayuwa. "Yaya, wai mutanen waje za ka kira ina nan da raina?"

"Kai? Kai da ka gyara fitilar tifa, yanzu in an taka birki hon ne ke ƙara?"

"Wannan ai ƙarin tsaro ne, Yaya, mutane ne ba su fahimta ba. Ka ba ni kwana goma. In ban sa wa Tsohuwa ido ba, ka canja mini suna."

Yaya ya amince. Ba don ya yarda da shi ba, sai don ba shi da wata mafita. Ya ce, "To, ji nan. Kujerar shugaban gareji babu kowa a kanta tun da tsohon ya yi ritaya. In ka yi aikin nan, taka ce. In kuwa ka kunyata ni a gaban matar nan, wallahi ko ƙanwata za ta yi kukan jini sai ka tattara filayarka da sukundirebanka ka bar mini wurina."

"Na gane," in ji Nagane, baki har kunne. Rabin maganar na farko kawai ya ji.

Ya fito yana tafiyar ƙasaita, alhali ko ƙwayar dabara ɗaya babu a kansa. Sai da ya isa gida da magariba dabara ta zo masa. A ƙofar gidansu akwai 'yar fitilar nan mai cin hasken rana, wadda ke kamawa da kanta in mutum ya matso. Yana sa ƙafa ta kama. Ya ja da baya, ta mutu. Ya matso, ta kama. Ya yi haka sau bakwai, har maƙwabta suka fara leƙowa, sannan ya zaro sukundireba daga aljihu.

Matarsa ta fito da ludayi a hannu. Ita ce ke dafa wa ma'aikata abincin rana a wurin fasa dutsen, kuma bakinta ya fi wuƙarta kaifi.

"Baban 'yan biyu, lafiya kake kwance mana fitila?"

"Ba fitila ba ce, Maman 'yan biyu, idon katafila ce. Shekara biyu tana nan tana ɓata basirarta a kan kuliyoyin unguwa."

"Mu kuma mu riƙa lalube?"

"Matar shugaban gareji za ki zama. Sai ki yi haƙuri da ɗan duhu."

Washegari ya sa Baba Direba ya shigar da Tsohuwa cikin gareji, ya ja ƙofofin ƙarfe ya rufe ruf, wai kada a sace masa fasaha. Cikin duhun nan, da tocila a baki, ya ɗaure fitilar a goshin katafila da waya da salatif, ya haɗa ta da inda mai ke shiga inji, yadda duk lokacin da ta kama sai mai ya yanke inji ya mutu. Kwana uku yana wannan aiki. A rana ta huɗu ya ce wa Baba ya tayar. Tsohuwa ta yi tari ta tashi. Nagane ya gitta ta gabanta. Fitila ta kama, inji ya mutu murus.

Nagane ya buga ƙirji. "Baba, ka gani?"

"Na gani," in ji Baba. "Amma a nan ɗakin ne za mu riƙa ture tsakuwar?"

"Baba, tsufa ne ke sa ka shakka. Fito da ita fili, yau kowa zai san waye ni."

Aka fito da ita da hantsi, rana ta take. Ma'aikata suka taru. Nagane ya nemi wanda zai tsaya a gabanta, kowa ya ce yana da iyali. Sai ya ce ba komai, shi zai tsaya. Ya hango teburin matarsa, ta jera kuloli da tukunyar miya ta tafi ɗebo ruwa. Ya sa aka ɗauko teburin aka ajiye a tsakiyar fili, wai don jama'a su ga irin tazarar da Tsohuwa za ta bari. Shi kuma ya koma bayan teburin ya tsaya, domin duk cika bakinsa zuciyarsa ba ta gama amincewa ba.

"Taho, Baba! Kada ka taɓa birki, za ka ɓata gwaji!"

Tsohuwa ta taho tana nishi. Nagane ya ɗaga hannu ɗaya. Ba ta tsaya ba. Ya ɗaga biyu. Fitila ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Ya cire hular kwano yana kaɗawa, murmushinsa yana raguwa da kaɗan-kaɗan.

"In taka?" Baba ya ƙwala daga sama.

"Kada ka taka! Tana tunani ne!"

Da bakin katafila ya kusa taɓa teburin, sai aka ji muryar Nagane ta canja. "Taka, Baba! Taka don Allah!" Bai jira ya ga ko an taka ba, ya yi alkafura ya faɗa kan tulin yashi. Baba ya taka, amma birkin Tsohuwa irin na tsofaffi ne, sai ya yi shawara kafin ya kama. Tebur ya tafi, kuloli suka tafi, miyar mutum arba'in ta bi tsakuwa.

Daidai nan Maman 'yan biyu ta dawo da bokiti a ka. Ta sauke shi a hankali, ta dubi ƙafar teburinta guda ɗaya da ta rage a tsaye, ta dubi mijinta da yashi har cikin kunne.

"Sannu da aiki, shugaban gareji."

"Wani ɗan kuskure ne na lissafi, Maman 'yan biyu."

"Lissafin me? Bawan Allah, shekara biyu fitilar nan tana ƙofar gidanmu, ka taɓa ganin ta kama da rana? Ko 'yan biyu sun san sai duhu ya yi take aiki."

Dariya ta ɓarke a wurin. Nagane ya miƙe ya kakkaɓe wando. "Na gane. Da ma na sani, so nake in ga ko akwai mai lura a cikinku."

A ranar ma'aikata da yunwa suka wuni, suna yi masa addu'o'in da ba a faɗa a gaban yara. Shi kuwa ya samo baƙin ƙyalle ya naɗe saman fitilar, ya bar mata idon kawai, don ta ɗauka kullum dare ne. Dabarar ta ci, har ta ci fiye da kima. Yanzu Tsohuwa ba abin da ba ta gani. Tattabara ta gitta, inji ya mutu. Akuyar maigadi ta girgiza kunne, inji ya mutu. Tifa ta wuce can nesa tana hayaƙi, inji ya mutu. Kafin azahar Baba ya murɗa makulli sau arba'in da ɗaya, ya ce da bakinsa ya ƙirga. Layin tifofi ya kai bakin titi, direbobi suna ta danna hon, tsakuwar da aka ture duk wunin ba ta cika mota uku ba.

Baba ya sauko yana matsa wuyan hannu. "Ɗan nan, shekara talatin ina tuƙa katafila, ban taɓa ganin wadda ke tsoron tattabara ba sai yau."

"Alamar ido mai kyau ke nan, Baba."

"To, ka zo ka riƙa murɗa makullin da kanka."

Nagane ya sake shigar da ita gareji. A ƙasan fitilar akwai 'yan makunnai biyu. Ya murɗa na farko, ya rage mata gani, yadda ƙaramin motsi ba zai dame ta ba sai babba. Ya murɗa na biyu, ya rage lokacin da take daɗewa a kunne zuwa daƙiƙa biyar. Sannan ya yi abin da ya kira gagarumar fasaha: ya cire makullin gaba ɗaya, ya haɗa wayoyi yadda da zarar fitila ta mutu inji zai tashi da kansa.

Da Baba ya ga ramin da makulli yake a da, sai ya yi salati. "Injin da ke tashi ba da izinin direba ba, wannan ai aljani ka ɗaura mini."

"Zamani ne, Baba."

"To, bari in tambaye ka. Dokar wurin nan tun kafin ka zo ita ce, in mutum ya ji ƙarar katafila kusa da shi ya tsaya cak inda yake, kada ya ruga, don in gan shi in kauce masa. Yaran nan duk a kan haka suka saba. Ita kuma fitilar taka motsi take gani. To, wanda ya tsaya cak fa, ya..."

"Na gane, Baba, na gane. Duk na yi lissafinsa."

Bai yi ba. Abin da ya yi shi ne ya sayo ƙaton kwaɗo, irin wanda mai shago ya rantse masa zarto ba ya ci, ya kulle murfin injin, inda batir da famfon mai da duk wayoyinsa suke. Ya ce ba zai yi wahala wani ya zo ya kwafa ba.

Ranar dawowar injiniya aka share filin gaban ofis, aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba. Yaya ya gayyato abokansa masu tifofi, ya ɗauko mai hoto. Nagane ya zo cikin sabuwar riga da sabon wando, da biro uku a aljihun gaba, ko ɗaya ba ya rubutu. Aka ba shi lasifika, ya yi jawabin da ya fi rabin sa'a. Ya ce ƙasashen da suka ci gaba suna sa wa inji ido goma saboda ba su yarda da kansu ba, shi ɗaya ya sa kuma ya wadatar. Ya ce nan gaba har jirgin sama zai duba. Injiniya tana zaune da littafinta a cinya.

Aka ba Baba alama. Tsohuwa ta taho a hankali ta nufo ofis. Da ta kusa, Nagane ya fito da gudu ya gitta gabanta yana wurga hannuwa. Fitila ta kama. Inji ya mutu. Katafila ta tsaya, saura kamar taku ashirin ta kai bangon ofis. Nagane ya ci gaba da kaiwa da komowa a gabanta, fitila tana kunne.

Wuri ya kaure da tafi. Yaya ya miƙe tsaye yana tafawa, har Maman 'yan biyu daga bayan sabon teburinta ta ɗan saki fuska. Nagane ya ji kansa ya yi girman da hular kwano ba za ta ɗauka ba. Shekara tara yana jiran ranar da za a tafa masa don aikinsa, ba don auren da ya yi ba, ga ta ta zo. Sai ya rasa inda zai tsaya.

"Hoto!" ya ƙwala. "Kowa ya zo gabanta a yi hoto! Baba, sauko!"

"Giya ba ta fita ba," in ji Baba. "Ka san in ta mutu a cikin giya cijewa take, sai inji ya tashi take..."

"Na gane, sauko kawai! Ga mutane cike a gabanta, ina za ta?"

Yaya ma ya yafito shi. Baba ya sauko yana gunaguni. Jama'a suka yi ta turereniya a gaban katafila, fitila tana kunne saboda motsinsu. Aka sa injiniya a tsakiya, Yaya a damanta, Nagane a hagunta ya harɗe hannuwa a ƙirji. Masu tifofi suka jeru, ma'aikata suka tsuguna a gaba. Mai hoto ya ja da baya ya ɗaga hannu.

"Yauwa! Kowa ya tsaya haka, kada wanda ya motsa. Ɗaya, biyu..."

Kowa ya ƙame yana murmushi. A bayansu fitila ta mutu. Tsohuwa ta yi tari, ta yi gurnani, ta zabura.

Baƙi dai ba su san wata doka ba, kowa ya ranta a na kare. Wani mai tifa ya bi ta kan kujeru uku, Yaya ya bar takalmi ɗaya, injiniya ta yi gefe da sauri, littafinta a hannu. Ma'aikata kuwa, bayin Allah, da suka ji ƙarar katafila sai suka ƙara ƙamewa a tsugune kamar yadda aka koya musu, ido a waje. Gudun baƙin ne ya cece su, fitila ta gan shi ta kama, inji ya sake mutuwa.

"Ku tashi, ku fice!" Baba ya daka musu tsawa. Suka watse. Fili ya zama wayam. Kafin kowa ya gama sauke numfashi fitila ta mutu, Tsohuwa ta sake tashi, ta doshi ofis.

Yaya ya hango Nagane yana ƙoƙarin shigewa ƙarƙashin rumfa. Ya damƙo wuyan sabuwar rigar. "Ofishina! Koma gabanta ka yi motsi!"

"Yaya, ai..."

"Koma, na ce!"

Nagane ya faɗa tsakanin katafila da bango ya ɗaga hannu. Ba ta kula shi ba, domin da hannunsa ya rage mata gani. Ya daka tsalle ya wurga hannuwa da ƙafafu. Fitila ta kama, inji ya mutu. Ya tsaya yana haki. Bai gama share gumi ba fitila ta mutu, inji ya yi tari. Ya sake tsalle.

"Baba, hau ka cire giyar!"

"Sai inji ya tashi za ta fita, kuma taku uku ya rage tsakaninta da bango. Kai ne a tsakiya. In gwada?"

"Kada ka gwada! Rufe famfon mai!"

"Yana cikin murfin da ka kulle. Kawo ɗan makullin."

Nagane ya laluba aljihun dama yana tsalle. Ya laluba na hagu yana tsalle. Sai ya tuna. Ɗan makullin yana aljihun tsohon wandonsa, a rataye a bayan ƙofar ɗaki, can gida.

"A kawo zarto!" in ji Yaya.

Aka kawo. A nan aka gane mai shago bai yi ƙarya ba. Mutum biyu suna karɓa-karɓa, zarto yana ta kuka, kwaɗo ko gezau. Rana ta take tsaka, Nagane yana ta aiki. Da tsalle ya gajiyar da shi ya koma juyi. Da juyi ya sa shi jiri ya koma sassarfa a wuri ɗaya, yana kaɗa hannuwa kamar mai korar kaji daga shanya. Birukan nan uku suka zube ɗaya bayan ɗaya. Sabuwar riga ta jiƙe sharkaf, sabon wando ya yage ta inda bai kamata ba.

"Jama'a, a karɓe ni mana! Ko minti biyu!"

Leburan da baronsa ya koma faranti ya ce, "Mu fa tsayawa cak aka koya mana. Wannan sabuwar dokar kai kaɗai ka gane ta."

"Maman 'yan biyu, ki yi musu magana!"

Ta ɗauko murfin tukunya da ludayi ta matso. Ya zaci taimako ta kawo. Sai ta fara buga masa kiɗa. "Ɗaga ƙafa, Baban 'yan biyu! Ranar aurenmu ma ka ce kai ba ka rawa, ashe ɓoye mini ka yi."

Ma'aikata suka ɗauki tafi a kan kiɗan. Masu tifofi suka dawo daga maɓoyarsu suka gyara kujeru suka zauna. Mai hoto, da ya ga abin da ya fi hoton tsaye, ya ci gaba da aikinsa. Injiniya ta matso gefe ta leƙa fitilar da baƙin ƙyallenta da salatif ɗinta.

"Malam, wannan ba fitilar ƙofar gida ba ce?"

"An... inganta ta... ranki ya daɗe."

"In mutum ya faɗi a gabanta ya suma fa? Ko yana zaune a kan baro yana ɗaure takalmi? Abin da nake son faɗa maka ke nan ran nan."

A karo na farko a tarihin wurin Nagane bai ce ya gane ba. Ba shi da numfashin faɗa.

Sai da aka cinye zarto biyu aka ɗauko injin walda aka yanke kwaɗon. Baba ya zura hannu ya rufe famfon mai, ya cire kan batir, ya ce, "Huta, ɗan nan." Nagane ya zube a gindin bango, ƙafafunsa suna ci gaba da rawa su kaɗai.

Yaya ya tsaya a kansa da takalmi ɗaya. Fuskarsa babu alamar wasa. "Ka tuna abin da na faɗa maka?"

Nagane ya sunkuyar da kai. Dariya ta ɗauke. Maman 'yan biyu ta ajiye murfin tukunya, domin duk tsiyar da take masa ba ta son ganin mijinta ya fita ta ƙofar nan da jakar kayan aiki a kafaɗa. Ta ce a hankali, "Yaya..."

"Kada ki sa baki."

Injiniya ta rufe littafinta. Ta ce za a cire wannan tarkacen yau, a mayar wa Baba makullinsa, a gyara birki, a kira masu aikin na gaskiya. Ta ce ba za ta rufe wurin ba, amma da sharaɗi: kafin su iso, katafila ba za ta motsa ko taku ɗaya ba sai da mutum a gefen gabanta, riƙe da jar tuta da usur, yana duba hanya yana ba direba alama, tun safe har a tashi.

"Aiki ne mai wahala," in ji ta. "Yana son mai juriya, wanda rana ba ta dame shi ba." Ta dubi wanda ke zube a gindin bango. "Ni dai na ga guda ɗaya."

Yaya ya ja dogon numfashi. "Gareji kam ko ƙofarsa kada ka sake taɓawa. Gobe ka zo ka karɓi tuta."

Washegari da hantsi wani baƙon direban tifa ya shigo ɗaukar tsakuwa. Ya ga wani mutum yana ɗingishi a gefen katafila, jar tuta a hannu, usur a baki, yana ɗaga wa Baba hannu da isa kamar shi ya ƙera ta. Direban ya leƙo ta taga.

"Malam, an ce a nan ne aka sa wa katafila na'urar da ke ganin mutum ta tsayar da ita. Ina take?"

Nagane ya cire usur daga baki, ya gyara hular kwano, ya dube shi sama da ƙasa.

"Kana magana da ita," ya ce. "Matsar da motarka, ka tare mini hanya."